Tambaya: ta yaya ake gano ainihin halin janar-janar na Faransa na da?

Malamin Tarihi, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani aiki da na ɗauko. Ni malamin sakandare ne a nan Kaduna, tarihi nake koyarwa, kuma kusan shekara biyu ke nan ina tattara bayanai a kan manyan hafsoshin sojan Faransa na ƙarni na 19 da na 20, da niyyar in rubuta taƙaitaccen tarihin rayuwar kowannensu da Hausa domin ɗalibaina da duk mai sha'awa.

Daga aji abin ya samo asali. Wata rana ina bayanin yadda Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai wata ɗaliba wadda kakanninta suke Maraɗi ta tambaye ni su wane ne suka ci nasu ɓangaren, kuma waɗanne irin mutane ne. Sunan Gwamna Lugga yana bakin kowa a garin nan, ga ma zauren majalisa da ake kira da sunansa, amma takwarorinsa na Faransa ba a ambatonsu a manhajarmu sai jefi-jefi. Tun daga ranar na shiga karatu, na fara da Napoliyon da hafsoshinsa, har na gangaro zuwa waɗanda suka yi yaƙi a Afirka ta Yamma.

Ranar haihuwa da ranar mutuwa da sunayen yaƙe-yaƙe ba su da wuyar samu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hali. Ku ɗauki Janar Henri Gouraud. Yana kyaftin ya kama Samori Ture, sarkin da ya daɗe yana yaƙar Faransa a Afirka ta Yamma, a 1898, daga baya ya yi aiki a yankin Damagaram da Chadi, ya rasa hannunsa na dama a yaƙin mashigin Dardanel a 1915, kuma shi ne babban wakilin Faransa a ƙasar Sham lokacin da dakarunta suka shiga Dimashƙa a 1920 suka kawar da Sarki Faisal. Marubutan Faransa na zamaninsa suna kawo shi a matsayin jarumi mai tsoron Allah da kunya, marubutan Larabawa kuwa suna kawo shi a matsayin mai girman kai da ya rarraba musu ƙasa. Mutum ɗaya ne, amma kamar ana maganar mutum biyu. Ba na son in ba yara yabo tsagwaronsa, ba na kuma son in ba su zagi tsagwaronsa, domin duka biyun ba tarihi ba ne.

Saboda haka, ina ake samun takardun asali a kan waɗannan mutane, kuma da wane ma'auni ake auna halin kwamanda wanda ya mutu shekara ɗari ko ɗari biyu da suka wuce? Faransancina na karatu ne da ƙamus a hannu. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hafsa, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauko aiki mai kyau, Allah ya dafa maka. Na yi shekaru a aikin soja, kuma tun muna kuratan hafsoshi a makarantar horar da hafsoshi ta nan Kaduna, har zuwa kwasa-kwasan Jaji, yaƙe-yaƙen Napoliyon suna cikin abin da ake nazari. Zan ba ka ma'aunin da soja yake auna kwamandansa da shi.

Farkon abin da za ka yi shi ne ka ajiye rahoton nasara a gefe. Napoliyon da kansa yake tsara sanarwar da ake fitarwa bayan kowane yaƙi, kuma sojojinsa sun san irin ƙarin gishirin da ke ciki, har ya zama karin magana a bakinsu cewa wane ya yi ƙarya kamar sanarwar yaƙi. Ga misalin da zai nuna maka haka. A ranar 14 ga Oktoba 1806 an gwabza yaƙi biyu da Furusiya, wata daular Jamusawa, a lokaci guda. Napoliyon yana Jena da mafi yawan dakarunsa, Mashal Davout kuwa yana Auerstädt da runduna ɗaya tak, kuma shi ne ya ci karo da babbar rundunar abokan gaba, wadda ta ninka tasa, ya tarwatsa ta. Sanarwar da aka fitar ta haɗe yaƙin biyu wuri guda, sunan Jena ya danne na Auerstädt. Wanda ya tsaya a kan sanarwa kaɗai ba zai san wanda ya ɗauki nauyi mafi girma a wannan rana ba.

Abin da ya fi nuna hali shi ne umarnin yau da kullum, wato takardun da ba a rubuta su domin jama'a su karanta ba: me ya ce a kan abincin sojoji da takalmansu, me ya yi wa wanda ya wawashe dukiyar talakawa, yaya ya yi da masu rauni, kuma idan aka sha kashi, shi ya ɗauki laifi ko ya ɗora wa na ƙasa. Davout ya yi suna wajen tsanani da tsare doka, rundunarsa ta fi sauran tsari da shiri, amma wannan tsananin ne ya sa lokacin da yake riƙe da birnin Hambog a ƙarshen 1813 aka fitar da dubban matalauta daga garin cikin tsananin sanyi saboda ba su da tanadin abinci. Hali guda ne ya haifar da abin yabo da abin Allah wadai. Mashal Ney kuwa babu mai musun jaruntakarsa, shi ya tsare bayan runduna a janyewar da aka yi daga Rasha a 1812, amma a watan Maris 1815 ya yi wa Sarki Louis na 18 alkawarin kamo Napoliyon, da suka yi kusa sai ya koma ɓangarensa, kuma a kan haka aka harbe shi a watan Disamba na wannan shekara. A ganina mutum ne mai zuciya a fagen fama, mai saurin juyawa idan al'amari ya koma na siyasa.

Kada kuma ka yanke hukunci a kan shekara ɗaya ta rayuwar mutum. Janar Pétain ya yi suna a Verdun a 1916, a yaƙin duniya na ɗaya, kuma a 1917, lokacin da sojoji suka yi bore saboda yawan asarar rayuka, shi ne ya gyara musu hutu da abinci, ya daina jefa su cikin hare-haren da ba su da amfani, ko da yake an zartar da hukuncin kisa a kan wasu daga cikin masu boren. Wannan mutumin dai shi ne ya shugabanci gwamnatin Vichy da ta haɗa kai da Jamus daga 1940, ta kafa dokokin wariya a kan Yahudawa, aka yanke masa hukuncin kisa a 1945, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a 1951. Da ya mutu a 1930, da littafinka ya kira shi uban sojoji.

Shawarata ita ce ka fara da hafsoshin Napoliyon, domin a kansu aka fi yin rubutu, kuma a nan za ka koyi aikin.

Malamar Faransanci, Barnawa

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni zan tsaya a kan tambayarka ta farko, wato inda takardun suke, domin na yi amfani da wasu daga cikinsu lokacin karatuna.

Fayil ɗin aikin kowane janar na sojan ƙasa yana taskar tarihin ma'aikatar tsaron Faransa da ke fadar Vincennes, a gefen birnin Faris. A ciki ake samun takardar haihuwa, jerin muƙamai da ranakun ƙarin girma, wuraren da aka tura shi, raunukan da ya samu, neman izinin aure, da kuma abin da ya fi dacewa da bukatarka, wato bayanin da shugabanninsa suke rubutawa a kansa lokaci-lokaci game da ɗabi'arsa da ƙwazonsa. Takardun mulkin mallaka kuwa suna Aix-en-Provence a kudancin Faransa, na babban gwamnan Afirka ta Yamma suna Dakar, na Nijar suna Yamai. Ba sai ka yi tafiya ba kafin ka fara. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa yana da taska a intanet mai suna Gallica, kyauta ce, kuma a cikinta akwai tsofaffin jaridu, da muhawarorin majalisa, da littattafan da hafsoshin suka rubuta da kansu. Akwai kuma taskar Léonore, wadda ta ƙunshi fayilolin waɗanda aka ba lambar girma ta ƙasa, kuma da wuya ka sami janar da ba shi da ita. Ka riƙa rubuta sunayen yadda Faransawa suke rubuta su idan kana nema, ko da a littafinka za ka sauƙaƙa su.

Sai dai bayanin shugabanni shi ma ba wahayi ba ne. A 1904 asiri ya tonu cewa ofishin ministan yaƙi, Janar André, yana tara bayanan sirri a kan hafsoshi, ana rubuta wanda yake zuwa coci da wanda yake kai 'ya'yansa makarantar limaman Katolika, ana amfani da wannan wajen hana su ƙarin girma. Abin ya kai ga ministan ya sauka. To, idan ka ga hafsa ya daɗe a muƙami ɗaya a waɗannan shekaru, kada ka yi saurin cewa rashin ƙwazo ne.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan da fassarar na'ura. Akwai kalmomin da rahotannin soja suke amfani da su waɗanda ma'anarsu ta ƙamus tana ɓoye abin da ya faru. Kalmar da suke kiran yaƙin mallaka da ita, wato pacification, idan aka fassara ta kai tsaye, tana nufin samar da zaman lafiya. Idan rahoto ya ce an hukunta wani ƙauye, sau da yawa ƙonawa ake nufi da kwashe dabbobi da hatsi. Kalmar razzia, wadda suka aro daga Larabcin Aljeriya, tushenta ɗaya da kalmar Larabci ghazwa, wato hari, kuma a zamanin Janar Bugeaud, wanda ya yi gwamnan Aljeriya daga 1840 zuwa 1847, ta zama tsarin yaƙi na lalata amfanin gona domin a karya masu goyon bayan Amir Abdulƙadir. A ƙarƙashinsa ne Kanar Pélissier ya sa aka hura wuta a bakin kogunan dutse na Dahra a watan Yuni 1845, ɗaruruwan mutane da suka ɓuya a ciki, har da mata da yara, hayaƙi ya kashe su. An yi ƙorafi a majalisa a Faris, Bugeaud ya kare shi, kuma Pélissier ya ci gaba da samun girma har ya zama mashal. Wannan ya nuna maka halin mutum biyu, da kuma halin hukumar da ta ɗaukaka su.

Idan kana jin Larabci ko kana da masu jinsa a kusa, akwai wata ƙofa da ta fi buɗe maka fiye da ɗalibin Faransa. Malamin Masar Abdurrahman al-Jabarti ya ga shigowar Napoliyon Alƙahira a 1798 da idonsa, ya rubuta abin da ya gani, ya yaba tsarinsu da ilminsu a inda ya ga abin yabo, ya kuma tona yaudarar da ke cikin sanarwar da suka fitar da Larabci suna nuna ƙaunar Musulunci. A wurinsa za ka ga Janar Kléber, wanda Sulaiman al-Halabi ya kashe a Alƙahira a 1800, da magajinsa Janar Menou, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi ya auri wata mata 'yar garin Rashid. Ka ajiye abin da Bafaranshe ya ce a dama, abin da al-Jabarti ya ce a hagu, ka karanta su tare.

Ɗan Damagaram, Kasuwar Barci

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, an haife ni a Damagaram, na yi makarantar boko a can kafin in zo Kaduna. Ina girmama Baba Tsohon Hafsa, kuma na ƙaru da bayaninsa, amma ina da ja a kan shawararsa ta ƙarshe. Yarinyar da ta yi wa Malam tambaya ba Jena ko Hambog take nufi ba. Ƙasar kakanninta take tambaya, kuma a ganina daga nan ya kamata littafin ya fara.

A 1899 wata runduna ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Shi Chanoine ɗan janar ne, mahaifinsa ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Hanyar da suka bi ƙasar Hausa ce, kuma abin da suka bari a bayansu garuruwa ne a ƙone, da rijiyoyi cike da gawarwaki, da mata da 'yan alaro da aka kora gaba da ƙarfin bindiga. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Labari ya isa Faris ne ta wasiƙar wani laftanar da aka sallama daga rundunar, sai aka turo Laftanar-Kanar Klobb ya karɓi ragama. Da ya cim musu a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta aka kashe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku, sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu suka kashe su duka biyun, kuma kaburburansu suna Maijirgi kusa da Tasawa.

Za a ce waɗannan kyaftin ne, ba janar ba. Haka ne. Amma rundunar ba ta watse ba. Ta ci gaba ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga bayan 'yan makonni, kuma hafsoshi biyu da suka ja ragowar dakarun zuwa Chadi, Joalland da Meynier, dukansu sun zama janar daga baya. Joalland yana cikin tafiyar tun daga farko. Hukumomin Faransa sun rufe maganar da cewa zafin ƙasa ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutum biyu, amma ƙasar da aka ci ba a mayar ba. Duk wanda zai rubuta halin Janar Joalland daga littafin da ya rubuta da hannunsa, ba tare da ya je Ƙonni ya zauna da dattawa ba, rabin magana ya ji.

Kakata ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan Turawa ba, amma ta riƙe abin da uwarta ta gaya mata game da shekarar da aka gudu daji aka bar hatsi a rumbu. Irin wannan labari yana nan a bakin tsofaffi, da waƙoƙin makaɗa, da tarihin da ake bayarwa a fadar sarakuna. Malam, daga Kaduna zuwa Ƙonni ta Sakkwato da Illela tafiyar yini ce. Babu taskar Faris da za ta ba ka abin da za ka samo a can, kuma masu riƙe da shi suna ƙarewa.

Malamin Tarihi, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Ranka ya daɗe Tsohon Hafsa, ma'aunin umarnin yau da kullum ya buɗe mini ido. Malama, na shiga Gallica a daren jiya na ga jaridun 1899 da idona. Ɗan'uwana na Damagaram, maganarka ta taɓa ni, kuma na karɓe ta. Abin da ya rage mini shi ne wannan: idan labarin baka ya saɓa wa takarda, wanne zan rinjayar, kuma akwai abin da zan iya samu a nan Kaduna kafin in tsallaka iyaka?

Dattijo Mai Bincike, Malali

Ɗana, akwai, kuma da yawa. Na shafe shekaru ina zirga-zirga tsakanin taskar adana takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna da Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna. A taskar ƙasa ka nemi fayilolin lardin Sakkwato da na Katsina da na Barno, da na sakatariyar lardunan Arewa. Razdan-razdan da di'o-di'o na bakin iyaka suna rubuta abin da suke ji daga ɓangaren Faransa, musamman idan mutane suka yi ƙaura suka shigo Najeriya saboda aikin tilas da haraji da ɗibar soja. Ka tuna dai cewa Baturen Ingila kishiyar Bafaranshe ne, yana da amfani a nuna cewa mulkinsa ya fi sauƙi, don haka shaidarsa ita ma sai an auna.

Game da saɓanin baka da takarda, ba mu da bukatar aron ma'auni daga waje. Malamanmu na hadisi sun daɗe da koya mana a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya halarci abin ko labari ya samu, kuma yana da wata riba a cikin maganar. Takarda ta fi ƙarfi wajen rana da wata da adadin bindigogi, baka ta fi ƙarfi wajen abin da aka yi wa mutane wanda mai rahoto ba zai so ya rubuta ba. Idan sun saɓa, ka kawo duka biyun ka faɗi wanda ya faɗi kowanne. Wannan ma'auni ya shafi Gouraud da ka ambata. Maganar da ake yawan jingina masa, cewa ya tsaya a kabarin Salahuddini a Dimashƙa ya yi alfahari, masana tarihi sun yi saɓani a kan ingancinta, saboda haka kada ka gina hukuncinka a kanta alhali ga ayyukansa tabbatattu, irin su raba Lubnan daga Siriya a 1920.

Zan ƙara maka sunaye uku da zaren labarinsu ya ratso ƙasarmu. Na farko Louis Archinard. Alhaji Umaru Futi ya zauna a Sakkwato shekaru a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa, kafin ya koma yamma ya kafa daula, inda ya kara da Faidherbe, gwamnan Faransa na Senegal, a Madina ta bakin kogin Senegal a 1857. Ɗansa Ahmadu shi ne Archinard ya ƙwace wa Segu, a Mali ta yau, a 1890, ya bi shi Nioro da Bandiagara, har Ahmadu ya yi hijira ya nufo ƙasar Sakkwato ya rasu a 1897. Archinard ya kwashe littattafan gidan, waɗanda suke babban ɗakin karatu na Faris har yau, ya kuma tafi da ɗan Ahmadu mai suna Abdullahi zuwa Faransa, inda yaron ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr ya rasu yana matashi. Masu yabonsa suna kiran wannan alheri. Ni ina ganin mutum ne da ya ɗauki littafi da yaro duka a matsayin ganima.

Na biyu Jean Tilho, wanda ya jagoranci ɓangaren Faransa wajen shata iyakar Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1908, ya kuma zama janar daga baya. Shi da tafintansa Landeroin sun wallafa nahawu da ƙamus na Hausa, kuma rahoton tafiyarsu ya adana tarihin masarautu da dama kamar yadda dattawan lokacin suka bayar. Shi ne amsar da ta fi kusa da tambayar ɗalibarka, domin layin da ya raba Katsina da Maraɗi a ƙasa aikin wannan tawaga ne tare da takwararta ta Ingila.

Na uku Leclerc. A watan Agusta 1940 de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ya turo shi, ya biyo ta Legas, ya tashi daga Tiko, wadda a lokacin take ƙarƙashin gwamnatin Najeriya, da mutane ƙalilan cikin kwale-kwale, ya karɓe Duwala a Kamaru. Daga Chadi ya ratsa hamada ya ci Kufra a Libiya a watan Maris 1941, ya shiga Faris a watan Agusta 1944. Mafi yawan waɗanda suka ci Kufra tare da shi 'yan Afirka ne, amma da aka kafa rundunarsa ta tankoki a 1943 an cire baƙaƙen sojoji daga cikinta, ba su shiga Faris tare da shi ba. Ka binciki wanda ya ba da wannan umarni da abin da shi Leclerc ya rubuta a kai, domin a irin wannan wuri ake ganin mutum.

Tsohon Hafsa, Unguwar Rimi

Ɗana na Damagaram ya fi ni gaskiya a kan inda za a fara, na janye shawarata. Makarantar soja ta koya mana kallon taswira daga inda kwamanda yake tsaye, shi kuwa ya tuna mini da waɗanda suke cikin garin da kibiyar taswirar ta nuna.

Abu ɗaya zan roƙa a ƙara, Malam. Kada ka manta da sojan da ya ɗauki bindigar, domin shi ma namu ne. Faidherbe ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji a Senegal a 1857, kuma Charles Mangin ya wallafa littafi a 1910 yana kira da a mayar da Afirka ta Yamma rumbun ɗibar soja domin yaƙin Turai. A harin Chemin des Dames na watan Afrilu 1917 bataliyoyin Afirka da ke ƙarƙashinsa sun yi mummunar asara cikin sanyi da ruwan sama, har Blaise Diagne, wakilin Senegal, ya ƙalubalanci abin a gaban majalisa. An sauke Mangin, aka dawo da shi, ya jagoranci babban harin watan Yuli 1918 da ya juya akalar yaƙin. Sojojinsa na Faransa sun yi masa laƙabi da mahauci. Idan ka je Damagaram ko Maraɗi, ka nemi gidajen tsofaffin sojojin Faransa, domin iyalai da yawa suna ajiye da littafin aikin soja na kakanninsu da lambobinsu da takardun fansho, kuma a cikin littafin akwai lambar bataliyar da mutum ya yi aiki. Da wannan lamba za ka iya gano kwamandan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa da yaƙin da aka kai shi. Ina da aboki a Maraɗi wanda mahaifinsa ya yi yaƙin duniya na biyu, zan haɗa ku idan ka sa ranar tafiya.